Agogon da Kawu Ya Zaɓa

Ana yayyafi muka kai Kawu makwancinsa, ranar wata Talata da hantsi, a Gwarzo. Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suka yi ta tururuwa daga Mainika da Kabo da ƙauyukan da ban ma san sunansu ba. Ni dai ina zaune kamar wanda bai gama farkawa daga barci ba, ina amsa gaisuwa ban san wa nake amsa wa ba. Abu ɗaya idona ya riƙa kamawa. Duk sa'ad da aka ɗaga hannu za a shafa addu'a, sai hannun riga ya zame, agogo ya leƙo. Da wuya a samu guda a cikinsu da bai taɓa kwana a kan teburin Kawu ba.

Wani tsohon hedimasta ya ce tun yana saurayi marigayin ya zaɓar masa nasa, ga shi har ya yi ritaya bai taɓa sa shi makara ba. Wani Alhaji mai sayen hatsi shi ya fi kowa share hawaye, alhali shi ne Kawu ya taɓa gaya wa a tsakiyar kasuwa cewa agogon zinariyar da ya sayo a Makka gwangwani ne aka shafa wa ruwa. Ya ce a duk faɗin garin nan mamacin ne kaɗai ba ya jin nauyin aljihunsa. A cikin gida kuma wata tsohuwa mai fura ta kwance bakin zanenta ta nuna wa mata agogon mijinta da ya rasu. Ta ce duk shekara Kawu ke goge mata shi, in ta miƙa masa wani abu sai ya ce ta dai ƙara masa nono a furarsa.

Amma abin da aka fi raɗa a kai shi ne Babana. Shi ke zaune a gaba yana karɓar gaisuwa, alhali daga Gwarzo har Kabo babu wanda bai san cewa shekara biyu suka yi ba sa ga-maciji da marigayin ba. Wasu suna kallonsa suna sunkuyar da kai, wasu suna taɓa juna. Ni na san yadda aka ɓata, na san yadda aka shirya, domin ni na haddasa. Shi ya sa na ga gara in rubuta tun ƙwaƙwalwa ba ta fara yi mini kwaskwarima ba.

Kawu yayan Innata ne, kuma aminin Babana tun suna kiwo tare a dajin Mainika. Da shanu suka ragu, Baba ya koma Gude ya rungumi garma. Kawu kuwa ya shiga Kano ya koyo gyaran agogo, ya dawo ya kafa tebur a wata 'yar rumfa a kasuwar Gwarzo. Duk ranar kasuwa sai Baba ya zo ya zauna a bencin rumfar daga hantsi har la'asar. Ba wata hira suke yi ba. Kawu na tsikarar cikin agogo da matsefata, madubi maƙale a ido ɗaya, Baba na gyangyaɗi. Shi yana kiran Baba Mutumin Gude, Baba yana kiransa Mai Agogo.

Har yanzu in na rufe ido ina jin rumfar nan. Agogai sun fi talatin a rataye, kowanne da lokacin da yake faɗi, kowanne da irin takunsa. Rana na zubowa ta hudojin kwano tana sauka a kan gilasai, ƙanshin man keken ɗinki ya gauraya da na ƙosai daga maƙwabta. In ka daɗe a ciki sai ka rasa ko safiya ce ko yamma, kuma ba ka damu ka sani ba.

Kawu bai bar kiwo ba, dabbar ce kawai ya sake. Yadda ake duba saniya kafin a saya, haka yake duba agogo. Sai ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya juya shi a rana, ya buɗe bayansa ya leƙa haƙoran ciki. Daga nan ya manna shi a ƙashin bayan kunnensa ya lumshe ido. Yakan daɗe a haka har mai agogon ya zaci barci ya kwashe shi. In ya buɗe ido hukunci ya fito ke nan, kuma ba ya sa masa sukari. Yana da saurin fushi da mai gardama, yana da girman kai a kan sana'arsa. Ya sha faɗin cewa shekara arba'in bai taɓa ɗaukar teburinsa ya kai gidan kowa ba, wanda agogonsa ba shi da lafiya shi ke kawo shi.

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu shanu ne suka ragu, kunya ba ta ragu ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba. In ya shigo wuri sai in fita, in yana da magana da ni sai ta biyo ta bakin Goggo, ƙanwarsa. Na girma, na yi karatu, na samu aiki a wani kamfanin gine-gine a Abuja, har na fara furfura a gemu, amma in na ji tarinsa a zaure sai in nemi hanyar baya. Ina son mutumin nan so mai tsanani, kuma ban taɓa samun ƙofar da zan faɗa masa ba. Da ya doshi shekara saba'in sai na ƙudura zan saya masa agogo mai tsada na gaske, irin wanda ake gado, ko ya faɗa masa abin da bakina ya kasa.

Na kira Kawu a waya neman shawara. Ya ce shi bai taɓa zaɓen saniya ta waya ba, in zo mu shiga Kano.

Ranar tafiyar ya sa wata koɗaɗɗiyar riga da ko gona ba na so a gan shi da ita. Na yi ƙorafi, ya ce da gangan ne. Wai kafin ka sayi agogo sai ka fara sayen mai kantin, kuma ba a gane halin mai kanti sai an je masa a talauce. Kantin farko duk fitilu ne da sanyin na'ura. Mai kantin ya dubi rigar Kawu ya juyo gare ni da murmushi. Kawu ya nemi a bar shi ya fita da agogon bakin ƙofa ya gan shi a rana, aka ce ba a yin haka. Ya ce to, abin da ke tsoron rana yana da abin ɓoyewa, ya ja hannuna muka fita. A kanti na biyu na ga wani mai ruwan zinariya, faffaɗa, zuciyata ta kwanta da shi. Kawu ya sa aka buɗe bayansa. Ciki fayau, sai ɗan batir da zoben roba. Ya nuna mini wajen maɗaurin inda ruwan ya riga ya fara koɗewa tun ba a ɗaura ba, ya tambaye ni ko Babana mawaƙi ne da zan rataya masa faranti a hannu.

Muna tafe cikin rana yana ta karanta mini. In dubi tsinken sakan, na ƙwarai tafiya yake sumul kamar ruwa a kwata, ba ya tsalle. In tabbata lambar da ke jikin agogon ita ce a takardarsa, in kuma tambayi wa ya riƙe shi kafin ni. In tambayi wa zai gyara shi in ya yi ciwo, a ina kuma ake samun kayansa, don agogon da ba shi da likita a kusa maraya ne. Kada in sayi mai maɗaurin fata, don mai alwala sau biyar a yini wata shida zai ruɓar da ita, kuma in tabbata ruwa ba ya shiga. Kada in raina na hannu, sau da yawa tsohon da aka riƙe da mutunci ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Ya kuma ce in kuɗin na abincin gida ne ko na makarantar yara, mu juya tasha yanzu, ba zai sa hannu ba.

Can wajen azahar muka hau wani tsohon bene, muka sami wani dattijo a ɗan shagon da bai fi ɗakin girki ba. Ya ba Kawu kujera tun kafin ya san abin da ya kawo mu. Ya fito da wani agogon ƙarfe ƙirar Suwizalan, na hannu, fuskarsa fara, ba ado ko kaɗan, da takardunsa a tsohuwar ambulan. Ni ban ga abin kuɗi a jikinsa ba. Kawu ya manna shi a bayan kunne ya lumshe ido. Hayaniyar titi ta yi nisa, fanka na juyawa a hankali. Na ga fuskar Kawu ta saki, kamar ya hango wani da ya daɗe bai gani ba yana tahowa daga nesa.

Sai ya ajiye ya ce mu tafi gida. Raina ya ɓaci, hutuna saura kwana biyar, ga kuɗin mota. Ya ce ba a sayen abu mai tsada ranar da aka fara ganinsa, sai an je an kwana da shi a zuci. In an tashi har yanzu ana so, to a dawo. Bayan kwana uku muka dawo muka saya. Tun a shagon ya ari kayan aiki ya cire 'ya'yan sarƙar maɗaurin guda uku, bai auna hannun kowa ba.

A mota ya riƙe gwiwata ya ce, “Saurara da kyau. Wannan ba ya cin batir. Motsin hannu yake ci. In ana ɗaura shi kullum, zai binne mu duka yana tafiya. In aka ajiye shi kwana biyu, kwanciya zai yi kamar ya mutu. Ka gaya wa Babanka.”

Na ce to.

Ya dube ni ta gefen ido. “Da bakinka na ce, ɗan nan.”

Ban faɗa da bakina ba. Na je Gude, na tsaya a bayan zaure ina jin tarinsa, ƙafata ta ƙi shiga. Na kai wa Goggo akwatin agogon na yi mata bayani dalla-dalla. Goggo kuwa, Allah Ya ƙara mata lafiya, ta ga bai dace ɗa ya aika wa ubansa da umarni ba. Sai ta gyara saƙon ya yi ladabi. Ta ce wa Baba yaron ya ce abin mai tsada ne ƙwarai, a kula da shi.

Baba ya kula da shi yadda muke kula da abu mai daraja. Ya naɗe shi a hankici, ya sa a ƙasan adaka tare da babbar rigarsa ta Sallah, ya kulle. Dama ina zai ɗaura kyautar ɗan fari ya shiga mutane, a tambaye shi wa ya saya masa? Bayan wata huɗu ya buɗe don ya ɗan kalla shi kaɗai, ya tarar da shi a tsaye cik. Ya mayar a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Bai gaya wa kowa ba, don kada a ce an cuci ɗansa. Amma ya san wanda ya zaɓa. Ranar kasuwa ta zo bai je Gwarzo ba, ta sake zagayowa bai je ba. Sai a wani ɗaurin aure a Kabo ya ce wa na kusa da shi idon Mai Agogo ya gaji, ya kamata ya koma gona. Kafin la'asar maganar ta isa rumfa.

Shekara biyu. Tsofaffi biyu masu taurin kai, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai awa guda a babur ba. Inna ta rame a tsakanin mijinta da yayanta, in na tambaye ta a waya sai ta ce tsufa ne, sai haƙuri. Ni ma ba zan wanke kaina ba. Na zo Sallah har sau huɗu ban ga agogon a hannun Baba ba, na ce wa kaina kunya ce. Zuciyata ta raya mini wani abu, na danne ta, don tambayar za ta kai ni zauren da nake gudu.

Da daminar bana Kawu ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya. Na taho daga Abuja. Ranar da na cika kwana uku a wurinsa, bayan azahar, an ɗauke ruwa ke nan, na ji tsayuwar babur a ƙofar gida, sannan na ji tarin da na sani. Ƙanena ne ya ɗauko Baba daga Gude, a kan hanyar da ruwa ya cinye ta zama ramuka zalla. Na miƙe zan fita kamar yadda na saba, Kawu ya damƙe gefen rigata. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba.

Suka gaisa doguwar gaisuwa, kowa na kallon wani wuri. Sannan Baba ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da ƙullin hankici.

“Na zo ne kada ɗayanmu ya tafi da abu a zuci,” in ji shi. “Ka sa yaro ya zuba guminsa a kan mataccen abu. Na riƙe ka shekara biyu. Yau na yafe maka, duniya da lahira.”

Ya kwance hankicin don ya nuna gawar. Hasken taga ya sauka a kan farar fuskar agogon, ga tsinken sakan yana zagayawa sumul, hankalinsa kwance, kamar bai taɓa tsayawa ba. Girgizar hanya ta tashe shi.

Baba ya ƙura masa ido. Kawu ya miƙa hannu aka ba shi, ya manna a bayan kunne ya lumshe ido. Ruwa na ɗiga daga indararo. Ya daɗe, har na tsorata. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa ta koma tari.

“Mutumin Gude,” ya ce da ya samu numfashi, “ramukan hanyarku sun isar da saƙon da ɗanka ya kasa isarwa.”

Nan na durƙusa na faɗi komai. Kawu nake kallo, amma kowa ya san da wa nake. Na faɗi abin da aka ce in faɗa, da yadda na tsaya a bayan zaure, da yadda na ɗora wa Goggo. Baba bai dube ni ba. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Sannan ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa dab da gadon, mutumin da ban taɓa ganin ya sunkuya wa kowa ba in ba a sallah ba. Ya ce ashe shi ne mai neman gafara, ya zo da yafiya a aljihu alhali shi ke da laifi.

Kawu ya girgiza kai. “Tun ranar da maganarka ta iso ni na gane abin da ya faru. Kalma ɗaya zan aika a wuce wurin. Na ce sai dai ka kawo shi da ƙafarka. Mu yafi juna kawai, ba mu da wata shekara biyun da za mu zubar.”

Agogon na tafiya amma lokacinsa ba daidai ba ne. Kawu ya so ya saita, amma yatsun da suka yi shekara arba'in suna ɗaukar abin da ido ba ya gani suka kasa jan ɗan kan da ake murɗawa. Wannan ya fi komai karya mini zuciya. Ya miƙo mini ya riƙa gaya mini yadda zan yi. Da na gama ya ce in ɗaura wa mai shi. Baba ya juyar da fuska bango, ya miƙo hannu. Rabona da taɓa hannun nan tun ban san kaina ba. Siriri ne, busasshe, da ɗumi. Sarƙar ta zauna masa daidai, ba matsi ba sako-sako.

Baba bai koma Gude ba, ga shi ana tsakiyar noma na biyu. Kwana tara ya yi a gefen gadon. Daga tsakar gida nakan jiyo su suna lissafo shanun da suka mutu tun ba a haife ni ba, wace ce mai farin goshi, wace ce ta taɓa ɓata a fadama, suna musu a kan wanda ya gano ta. Wani lokaci kuma shiru kawai, ɗaya na gyangyaɗi ɗaya na kallon rufi. Rana ta goma da safe Kawu ya cika, kansa a kan cinyar Baba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa zafin ransa, Ya saka masa da gaskiyar da ya yi ta gaya wa mutane ko ba su so. Yadda bai taɓa barin a cuci wani a gabansa ba, Allah Ya sa ya tarar da sakamako mai nauyi, wanda ba shafe ba.

Washegarin sadakar bakwai na je Gude sallama, motar Abuja na jirana a Gwarzo. Na yi niyyar in bar saƙo wurin Inna kamar kullum. Baba na zaune a zaure shi kaɗai. Na sunkuya zan wuce ta gefe.

“Kai.”

Na tsaya. Na waiga ko akwai wani a bayana, babu kowa.

“Ranar da kuka shiga Kano,” ya ce, idonsa a ƙasa. “Ban da maganar agogon nan, me kuma Mai Agogo ya ce?”

Na ce babu sauran saƙo, Baba, wannan ɗin ne kaɗai.

Sannan ya matsa gefe a kan tabarmar, ya bar wurin zaman mutum ɗaya.

“Ko ba saƙo ba ne. Faro mini tun daga tasha.”

Na cire takalmi na zauna. Na ce tun a tashar Gwarzo ya fara faɗa da direba a kan gidan gaba, wai shi ba buhun masara ba ne da za a cusa a baya. Baba ya yi wani ɗan sauti, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Ya goge ido da bakin rawani.

“Halinsa ne,” ya ce. “Ci gaba.”